Baba, Huta

Akwai wani mai gida da yake zaune a gindin dutse. Ya tsufa, amma ƙafafunsa ba su sami labari ba tukuna. Kowace safiya yakan kora awakinsa zuwa rafi, ya biya ta gona ya yi ɗan noma. Ran Lahadi kuwa yakan hau dutsen, ya yi sujada a ƙauyensu na asali tare da ƙanensa, wanda shi kaɗai ya rage masa cikin 'yan'uwa.

Da 'ya'yansa suka kawo ƙarfi, sai kunya ta kama su, gama mutane suna cewa ga ƙarti a gida, tsoho yana bin awaki. Babban ya karɓe fartanya, ƙaramin ya karɓe awakin. Suka sayo kujera mai taushi suka ajiye a inuwa, suka ce majami'ar ƙofar gida ma ta isa. In ya miƙa hannu zai ɗauki buta, kafin ya taɓa an kawo. Abin da yake ji daga safe har yamma shi ne, "Baba, huta."

Gari ya yaba wa yaran ƙwarai. Tsohon ma ya ji daɗin yabon, ya zauna. Damina ta zo ta wuce, wata ma ta zo, yana zaune.

Wata rana aka aiko daga kan dutse cewa ƙanensa yana kwance, ba ya kiran sunan kowa sai nasa. Hanyar kuwa matsattsiya ce tsakanin duwatsu, ko jaki ba ya binta. Tsohon ya ce a ba shi sandarsa. Ya miƙe da ƙyar, ya kai bakin rafi, gwiwoyinsa suka ƙi. Babban ɗan ya goya shi, amma da hawa ya yi tsanani dole ya sauke shi.

Ɗan ya ce, "Baba, wace cuta ce ta kama ka ba mu sani ba?"

Tsohon ya ce, "Ba cuta ba ce, ɗana. Hutu ne."

Suna nan zaune a kan hanya suka ji kuka ya tashi daga ƙauyen.

Ma'anar wannan misali ita ce, Ubangiji ya gina jikin mutum da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani, motsi kuwa yana taimakonsu su riƙe ƙarfi har cikin tsufa. Gaɓar da aka daina mora takan raunana a hankali, ba ciwo, ba sallama. Bangaskiya ma haka take. Yaran nan ba mugaye ba ne, ƙauna suka yi ba tare da hikima ba, abin tausayin ke nan. An umarce mu mu girmama iyaye, ba a ce mu zaunar da su ba. Ku sauƙaƙe musu kaya mai nauyi, ku bar musu tafiyarsu. In kun koma gida yau kuka tarar da kakarku tana shara, kada ku fizge tsintsiyar. Ku nemo wata, ku kama mata daga ɗaya gefen.