Motar Edivaldo Ta Yi Ƙyalli

Akwai wani mutum a garin Piripiri mai suna Edivaldo. Shekara da shekaru yana tuƙa motar wasu, sai bana Allah ya ba shi tasa, baƙa wuluk. Matarsa Jucilene kan tsokane shi: "Ka shigo da ita ɗaki mana, ni sai in kwana a waje."

Mahaifinsa, tsoho Valdemar, a yankan ganyen karnauba, wata bishiya mai kama da giginya da ake samun kaki a ganyenta, ya ƙare ƙuruciyarsa. Shi ya sa da Edivaldo ya tashi sayen kakin goge mota, ya ƙi na ruwa, ya zaɓi mai tauri na gwangwani, na karnauba zalla, wanda ke jure rana da ruwan sama.

Ranar Asabar da hantsi ya wanke motar, ya kai ta inuwar mangwaro, ya fara shafa kakin kaɗan-kaɗan da soso. Ya gama rabi ke nan sai ga tsohon, sanye da rigarsa ta zuwa coci.

"Edivaldo, kai ni ƙauye. An ce jikin Nonato ya yi tsanani."

Nonato ƙanen tsohon ne. Tun da suka yi rigima a kan iyakar gona, gaisuwa ba ta ƙara haɗa su ba.

Edivaldo ya dubi motar. Kakin ya fara bushewa, ya yi fari-fari.

"Baba, in na fita da ita haka, jar ƙasar hanyar nan za ta manne, ta kankare fentin. Ka bari in gama. Gobe da sassafe sai mu tafi. Ai Baffa Nonato ya saba, ya kwanta ya tashi."

Tsohon ya ce, "To, Allah ya kai mu."

Bai koma gida ba. Ya naɗe hannun rigarsa, ya ɗauki tsumma mai laushi, ya taya ɗansa gogewa har motar ta zama kamar madubi.

Washegari suna karyawa da dambun masara da kofi, waya ta yi ƙara. Nonato ya rasu da asuba. Mai kiran ta ce tun jiya yake tambaya, "Yaya bai iso ba?"

A wannan motar suka tafi jana'iza. Ƙura ta hau ta, amma da iska ta kaɗa sai ta zame. Suna fita daga maƙabarta wani ɗan uwa ya shafa murfinta, ya ce, "Kai, Edivaldo, me kake shafa mata haka?"

Edivaldo ji ya yi kamar an watsa masa ruwan zafi.

Tsohon bai taɓa yi masa maganar ba, kuma shirun ne ya fi ci masa rai. Abinci ya daina yi masa daɗi. Ko motar ba ya son kallo, don fuskarsa yake gani a jikinta.

Wata rana da yamma ya sami mahaifinsa zaune a ƙofar gida, ya durƙusa gabansa.

"Baba, ni na hana ka ganin ɗan uwanka. Saboda fenti. Ka yafe mini."

Tsohon ya dafa kafaɗarsa.

"Tashi, ɗana. Kai yini guda ka jinkirta ni. Ni kuwa shekarun da na yi ban je ba, wa ya riƙe ni? Da ka ce sai gobe, wallahi har daɗi na ji a raina, don ban san da wace fuska zan shiga ɗakinsa ba."

Nan suka zauna su biyu suna hawaye, kowa da nasa nauyin.

Darasi: Mota za ta jira, fenti za a sake shi, amma ɗan uwa ba ya jiran gobenka. In akwai wanda ya kamata ka je ka gani, ko ka nemi afuwarsa, tashi yau. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila wani na can yana cewa "sai gobe".