Bakin Huji Mai Leɓe Biyu

Akwai wani mutum, maƙeri, wanda ya kafa wurin aikinsa a cikin gidansa. Yana da injin huda ƙarfe da dutsen washi, yana kuma da mariƙi, wato ƙarfen da ake ɗaure bakin huji, tsinken da injin ke huda ƙarfe da shi, a ciki domin leɓunansa biyu su wasu daidai da juna.

Wata rana ƙanensa, mai haƙar rijiya, ya kawo masa ƙarfen da ke riƙe tayar da igiyar rijiya ke bi ta kanta, domin a huda masa ramuka huɗu na milimita goma. Bakin hujin kuwa ya dakushe. Mutumin ya ɗauke shi da hannu, ya nufi dutsen.

Ƙanen ya ce, "Yaya, ba za ka sa shi a mariƙin ba?"

Ya ci gaba da wasa shi da hannu, ya amsa, "Shekara ashirin da uku ina wannan aiki. Kai za ka koya mini? Taɓa ka ji kaifi."

Kaifi kam akwai. Aka huda, aka ɗaure notuna.

Kashegari ƙanen ya shiga rijiya, yayan yana sakar masa igiya. Da ya kai gaba tara, ƙarfen ya fara rawa. Noti ɗaya ya kwance, ya faɗa ciki.

Murya ta taso daga ƙasa, "Yaya, mene ne ya wuce ta kunnena?"

"Kada ka motsa. Kada ka ɗaga kai."

Noti na biyu ya soma juyawa. Mutumin ya cire igiyar daga tayar, ya naɗe ta a hannuwansa, ya yi ta ja har fatar tafinsa ta saluɓe. Ƙanen ya fito da rai.

Da mutumin ya koma gida, ya auna bakin hujin. Leɓe ɗaya ya fi ɗan'uwansa tsawo da rabin milimita, saboda haka kowane rami ya zarce girman notinsa.

Ma'anar wannan misali ita ce, bakin hujin harshenmu ne, leɓunansa biyu kuwa gaskiya da ƙauna. Mariƙin shi ne Maganar Allah. Mutum yakan daɗe cikin ikilisiya har ya ɗauka idonsa ya isa ya daidaita kansa. Sai ya faɗi gaskiya mai kaifi wadda ƙauna ta gaza a cikinta, ta yi ɓarna fiye da nufinsa. Ku lura, 'yan'uwa, ba maƙerin ne ya shiga rijiyar ba. Kafin ka tsauta wa wani a wannan mako, ka tuna akwai wanda zai rataya ransa a kan abin da ka faɗa.