Adaftar da Shamsu ya Bari a Nasarawa

Akwai wani matashi ɗan Gulma mai suna Shamsu, wanda tun da ya dawo daga Birnin Kebbi da takardar difloma ta kwamfuta ya daina sauraron magana har ƙarshenta. Kana fara yi masa bayani zai ɗaga hannu ya ce, "Na gane." Sau da yawa kuwa bai gane ɗin ba.

Ba mugun mutum ba ne, kuma aikinsa yana kyau idan ya natsu. Shi ya sa da wata ƙungiya mai tallafa wa manoma ta ce za ta raba injin ban-ruwa mai aiki da hasken rana, manoman shinkafa na Gulma suka zaɓe shi ya yi musu rajista. Mutum arba'in da biyar ne, rana ɗaya aka ba su, a ofishin ƙungiyar manoma da ke Argungu. Ƙarfe huɗu na yamma shafin rajistar zai rufe kansa, wanda bai shiga ba sai wata shekara.

Cikin mutanen nan har da mahaifiyarsa, Inna Sadatu. Tun rasuwar mijinta ita ke riƙe da fadamar da ya bari. Ba ta da inji, sai ta jira maƙwabta su gama ban-ruwa su ara mata. Bara shinkafarta tana cikin fitar da kai ruwa ya yanke mata kwana shida, rabin gonar ya ƙone tana kallo. Ba ta yi kuka a gaban kowa ba, amma Shamsu ya san abin da injin nan yake nufi a gidansu.

Aikin yana buƙatar na'ura huɗu a lokaci guda: ta ɗaukar zanen yatsa, kyamara, firinta mai fitar da takardar shaida, da modem na intanet. Kwamfutar Shamsu kuwa kafa biyu gare ta, ɗayar ma ta saki. Sai aka tura shi unguwar Nasarawa a Birnin Kebbi, shagon wata mai gyaran na'urori, Malama Ɗayyaba, ya karɓo abin da masu sana'ar ke kira hob. Akwatin ƙarfe ne mai kafofin USB goma sha shida a jere, irin wanda ake aiki da shi a ma'aikatu.

Ɗayyaba ta ɗora masa akwatin a kan tebur, ta ɗora wani baƙin abu mai nauyi kamar tubali a gefensa, da doguwar waya.

"Wanga shi ne adaftarshi, Malam Shamsu. Ga bango za ka jona shi, shi ka ba akwatin wuta."

Shamsu ya ɗaga adaftar ya ji nauyinta, ya dubi jakarsa. Jakar ta riga ta cika, domin kafin ya iso shagon ya biya kasuwa ya sayi sababbin takalma sau-ciki da zai sa ranar rajista. Sai ya zaro kwamfutarsa, ya jona akwatin kai tsaye. 'Yar fitila shuɗiya ta kama.

"Kin gani? Ya kawo wuta. Ba ya buƙatar wannan dutsen."

"Fitila ce ta kama, ba aiki ba," in ji Ɗayyaba. "Wutar da kafar kwamfuta ka bayarwa kaɗan ta. In ka jona mashi abu huɗu..."

"Na gane, Malama. Wannan fannin na karanta."

Ɗayyaba ta dube shi, ta dubi kwalin takalman da ya leƙo daga jaka. Bayan ya fita ta sa adaftar a leda, ta rubuta sunansa a jiki, ta rataye a ƙusa kusa da ƙofa.

Ranar rajista tun ƙarfe bakwai mutanen Gulma suka cika harabar ofishin, maza a baranda, mata a ƙarƙashin dogon yaro, kowa da lambarsa a 'yar takarda. Shamsu ya iso takalma suna ƙyalli, ya jera kayansa, ya jona na'urori huɗu a jikin akwatin. Fitila ta kama. Ya gyara zama ya ce a shigo.

Mutum na farko ya ɗora yatsa, ya shiga lafiya. Aka ɗauki hotonsa. Firinta na fara jan takarda, sai kwamfuta ta yi ƙara, modem ya ɗauke, komai ya goge. Aka sake daga farko. Wannan karon kyamara ce ta mutu. Aka sake. Sai a karo na huɗu takardar ta fito, bayan an ci minti ashirin da biyar a kan mutum ɗaya.

"Matsalar sabis ce," in ji Shamsu.

Da na biyu ya zo, Shamsu ya ce yatsan mutumin ne ya yi kaushi. Da na uku ya zo, ya ce firintar tsohuwa ce. Ya cire wannan waya ya mayar, ya hura kafofin akwatin da baki, ya kashe kwamfuta ya kunna har sau biyar. Lambar wayar Ɗayyaba tana nan a rubuce a jikin kwalin da aka sako akwatin a ciki, a gabansa. Ya dube ta ya kau da kai. Jama'a, da ya kira ta a lokacin ta ba wa direban mota saƙon, da kafin ƙarfe goma ya iso hannunsa. Amma sai ya ce mata me?

Ƙarfe goma sha ɗaya da rabi, mutum bakwai kacal aka yi. Rana ta take, baranda ta ɗauki zafi, mutane sun fara tsaki a fili. Wani ya leƙo ta taga ya ce, "Kai Shamsu, tun asuba munka baro gonakinmu, hala wasa munka zo kallo?"

Takaici ya ishe shi. Ya tuna dai maganar adafta, sai ya ciro ta dikodar talabijin ɗin ofishin, wata 'yar ƙarama, ya ga bakinta ya shiga akwatin. Ya yi murmushi. Minti uku ba a yi ba ta ɗauki zafi, ta fara warin roba, ta mutu. Yanzu ga rajista a tsaye, ga dikodar mutane babu adafta.

Mai lamba ta takwas wani dattijo ne, Baba Arzika, wanda fadamarsa ke maƙwabtaka da ta Inna Sadatu. Ya daɗe a tsaye a bakin tebur yana kallon wayoyin nan huɗu da suka taru a jikin akwati, da siririyar waya ɗaya da ta tafi kwamfuta.

"Ɗana, ni ban yi boko ba. Amma duk waɗanga huɗu, ga wagga 'yar igiya ɗaya suka shan wuta?"

"Baba, wannan ba irin aikinku ba ne."

"I, ba shi ne ba. Amma in na buɗe hanyar ruwa huɗu ga gona, ruwan kuwa na ƙaramin tiyo ɗaya ne, ƙasa za ta jiƙa ko'ina, babu inda za ta ƙoshi. Wanda ya ba ka abin ga, bai haɗa maka da nashi abin wuta ba?"

Gumi ya keto wa Shamsu. Ofishin ya yi tsit, har matan da ke waje suna jin abin da ake cewa.

"Ta ba ni," ya ce a hankali. "Na baro shi a shagonta. Babu wuri a jakata."

Inna Sadatu tana daga ƙarƙashin dogon yaro ta ji. Ita ta ga abin da ya fito daga jakar nan ranar da ya dawo. Ta sunkuyar da kai tana gyara bakin mayafinta.

Baba Arzika bai yi faɗa ba. Ya yage gefen kwalin da ke ɗauke da sunan shagon da lambar waya, ya sa a aljihu tare da lambarsa ta takwas.

"Ku ci gaba da lallaɓawa. Ni na tahi."

Aka ce masa ya bari a yi nasa tukuna, layinsa ne. Ya ce rabin awar da za a ɓata a kansa ta kai shi rabin hanya. Ya tayar da tsohon babur ɗinsa ya ɗauki hanyar Birnin Kebbi a tsakiyar rana.

Awa biyun da suka biyo baya Shamsu ba zai manta da su ba. Bai ƙara yin ko mutum ɗaya ba. Aka yi sallar azahar aka dawo, babu mai yi masa magana, wanda hakan ya fi zagi ciwo. Sababbin takalman kuma suka fara matsa masa yatsu, ya rasa yadda zai cire su a gaban jama'a.

Ƙarfe biyu da kwata wata motar haya ta tsaya a ƙofar ofis. Direban ya miƙo leda mai sunan Shamsu a jiki. Ya ce wani dattijo ne ya tare shi a hanya, tayar babur ɗinsa ta fashe, ya roƙe shi don Allah ya kawo wannan kafin komai, shi zai turo babur ɗin har inda zai sami mai faci.

Shamsu ya jona adaftar a soket ɗin bango, ya jona ta a akwatin. Fitilar nan dai ita ce, shuɗiya kamar ɗazu, ba ta ƙara haske ko kaɗan ba. Amma yatsa ya shiga, hoto ya ɗauku, firinta ta fitar da takarda, modem bai motsa ba. Ƙasa da minti uku an gama da mutum.

Daga nan aiki ya zama tsere. Shamsu ya tuɓe takalman ya tura su ƙarƙashin tebur, yana kiran lamba yana duban agogo. Mutane suka riƙa goge yatsunsu tun a layi don kada a ɓata lokaci.

Lambar Inna Sadatu goma sha biyu ce. Da aka kira ta, sai ta tura wata mai goyo. Da aka sake nemanta, ta tura wata tsohuwa. Shamsu ɗanta ne na fari, ko sunansa ba ta faɗa, balle ta yarda a ce ya shigar da uwarsa gaban mutane a ranar da ya ɓata musu lokaci. Haka ta yi ta ja da baya har ta zama ta ƙarshe.

Saura minti huɗu ƙarfe huɗu ta cika, ta shigo ta zauna a gabansa. Shamsu ya sauke ajiyar zuciya. Ta miƙa hannu za ta ɗora yatsa, sai aka ji sallama a bakin ƙofa.

Baba Arzika ne, rigarsa sharkaf da gumi, hannuwansa baƙi ƙirin da man babur, yana numfashi da ƙyar. Ya zaro 'yar takardarsa mai lamba takwas, duk ta jiƙe.

Lokacin mutum ɗaya ya rage, kowa a ɗakin ya sani.

Inna Sadatu ta janye hannunta ta miƙe.

"Inna, don Allah," in ji Shamsu. "Inna, shinkafarki."

Ba ta dube shi ba. Ta kama bakin mayafinta ta miƙa wa dattijon. "Malam Arzika, goge yatsanka ka zamna. Layinka ne tun da hantsi."

Baba Arzika ya fara cewa a'a, mutane suka kama shi suka zaunar. Shamsu ya shigar da sunansa hawaye na ɗiga a kan madannan kwamfuta. Takardar tana fitowa, ya yi maza ya buɗe sabon shafi ya fara rubuta Sadatu. Harafi uku ya rubuta, shafin ya rufe.

Mutum arba'in da huɗu suka koma Gulma da takarda a hannu. Inna Sadatu ta koma da lambarta ta goma sha biyu. Da za ta fita ta hango takalman a ƙarƙashin tebur, ta ce da matar da ke kusa da ita, "Ki ce mashi kada ya mance da takalmanshi, sababbi na."

Shamsu ya kifa kansa a kan tebur, ya yi kukan da bai yi ba tun rasuwar mahaifinsa.

Da injuna suka iso, Baba Arzika bai kai nasa gonarsa ba. Ya sa aka sauke shi a fadamar Inna Sadatu, ya ce daga yau tata ce za ta fara sha, tasa ta biyo baya. Shamsu ne ke ɗaukar faifan solar da tiyo a ka tsakanin gonakin biyu, tun daga dashe har girbi, ƙafarsa cikin laka. Kuma duk bayanin da dattijon zai yi masa a kan ruwa, yana tsaye yana saurare har sai ya kai ƙarshe.

Darasi: Idan wanda ya san abu yana yi maka bayani, ka bari ya gama kafin ka ce ka gane. Kunyar minti ɗaya ta cewa "na yi kuskure" ta fi sauƙi a kan asarar da girman kai ke jawowa, domin sau da yawa ba kai za ka ɗauki asarar ba, wanda ka fi ƙauna ne zai ɗauka. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai wannan labari, wataƙila akwai wanda ke shirin barin tasa adaftar a baya.