Yadda Kurege Ya Naɗa wa Kure Taba

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, Inna, ta daɗe ba ta zo ba.

Ai kuwa ta daɗe. Tun rasuwar baban su Ladidi ban sake yin tatsuniya ba. Wannan ma a bakinsa na ji ta, yana shanya ganyen taba a rumfa, yana dariya har da tari. Allah ya jiƙansa.

Kunkuru dai shi ne gwanin naɗin taba a daji, irin wadda ake naɗe ganye cikin ganye, ba takarda. Ganye uku yake haɗawa. Na fadama shi ke da ƙanshi, na jigawa shi ke cin wuta. Na kan tudu kuwa, wanda rana ta gasa a jar ƙasa, ƙarfi ne zalla, ɗan yanki ake sawa a tsakiya.

Ana nan sai aka yi wa Kure haihuwa, ya aiko a naɗa masa taba ta fita kunyar baƙi ranar suna. Ga shi yatsan Kunkuru ya kumbura. Sai maƙwabcinsa Kurege ya ce, "Baba, kawo in naɗa. Kullum ina kallon hannunka."

Kunkuru ya ce, "Kallo kake yi ko shinshina?"

Amma ba yadda zai yi, ya miƙa masa ƙunshi uku.

Kurege ya sami inuwar tsamiya ya zauna. Ya buɗe na fadama, ƙanshi ya bugi hancinsa. Ya ce, "Ba a ba manya abin da ba a gwada ba." Ya naɗa da ɗan na jigawa, ya zuƙa. Ya ce, "Ban ji sosai ba." Ya ƙara. Ya ce, "Har yanzu ban ji sosai ba." Ya ƙara, ya ƙara, har ya laluba ya ji ƙunshi biyu wayam. Saura na tudu. Ya tattara shi kaf ya naɗa guda ɗaya, ƙatuwa kamar taɓarya.

Da hantsi ya isa gidan suna, ga Giwa, ga Ɓauna, an cika. Kure ya karɓa yana taƙama, ya ɗora mata garwashi. Ta ƙi kamawa. Ya ja, ya ja, kumatu suka lotsa. Can ta kama gaba ɗaya, hayaƙi ya dake shi har ƙeya. Hawaye shar! Ya damƙe wutsiyar Kurege.

"Kai, ɗan banza! Ina ƙanshin? Yau da kai za a yi miyar suna!"

Kurege ya ce, "Ranka ya daɗe, taba halin ƙasarta take ɗauka. Ta fadama ai ta su Kwaɗo ce, masu sanyin jiki. Wannan daga tudun da Zaki ke shan hantsi aka tsinko ta. Zuƙa bakwai yake mata ko ƙifta ido ba ya yi. Baba Kunkuru ya ce a haɗa maka mai sauƙi, na ce haba, Kure ne fa!"

Ɓauna ya ce, "Bakwai? Wannan ko uku ba zai kai ba."

Kure ya ce, "Ƙirga!"

Yana zuƙa, yana riƙe da wutsiya gam. A ta uku kunnuwansa suka ɗau zafi. A ta biyar ƙasa ta fara juyawa, ya duba hannunsa, sai ya ga Kurege har uku.

Ya ce, "Wanne ne ɓarawon a cikinku?"

Kurege ya ce, "Na hagun nan ne, ranka ya daɗe. A gabana ya shanye ta fadama, na hana shi ya ƙi."

Kure ya saki wutsiya, ya daka tsalle ya faɗa hagu da dukkan nauyinsa. Ashe Beguwa ce zaune a wurin, ta zo barka, ƙayoyinta a miƙe.

Ihun da ya yi, Kunkuru ma daga gida ya ji. Giwa ta yi dariya har ta zauna a kan tukunyar kunu. Kafin a gama cire wa Kure ƙaya, Kurege ya kai rami da ƙosai biyu a kumatu.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu. In an ba ka ganye uku, ka rage wa mai suna na fadama. In kuwa ka riga ka shanye, to ka tsaya kusa da Beguwa.