Hakimin da Littafi Ya Zaga

A garin Dumbulwa an yi wani hakimi, Alhaji Tanimu, wanda bai da hira sai ta littafin labarin da suka karanta a aji uku, da yadda ya haddace shi har da lambar shafi. Da ciwon ƙafa ya kwantar da shi, shugaban makarantar garin, Malam Sa'adu, ya kawo masa sabon bugun littafin don ya ɗebe kewa.

Kwana biyu hakimi ya tashi da fushi. Dagacin cikin labarin, mai ƙwace gonakin marayu yana kiran abin gyaran iyaka, har tafiyarsa irin tasa ce. Ya rantse da can babu wannan mutum a littafin, maƙiya ne suka cusa shi. Ya kira magatakardansa, Malam Ilu, wanda suka yi aji ɗaya, ya ce a rubuta takardar neman korar Sa'adu.

Malam Ilu ya ce zai rubuta, amma ranka ya daɗe ya fara jin abin da ya faru tsakanin Hajiya Gambo da magini. Hakimi ya ce ya faɗa.

Ya ce Hajiya Gambo ta shekara talatin tana sayar da atamfa a Kumasi, ta dawo gidan ubanta, ƙofar ɗakin da ta girma a ciki ta ƙi shigar da ita sai a karkace. Ta tara dangi ta ce ƙanenta ya rage ƙofar don ya wulaƙanta ta. Aka kira tsohon maginin da ya gina ɗakin. Ya auna ƙofa da igiya, ya dubi Hajiya, ya ga igiyar ba za ta zagaye ƙugunta ba, sai ya nemi izinin ba ta labari.

Ya ce akwai wani makaɗi mai waƙar wani mai unguwa da ke cinye naman suna kafin a raɗa wa jariri suna. Wani saurayi, Bawale, ya fi kowa taka rawarta. Shekaru suka ja, aka naɗa Bawale mai unguwa. Ranar da ya sake jin waƙar, bakinsa cike da hantar ragon suna, ya fasa kalangun, ya ce an yi masa habaici. Makaɗin ya tattara fatar kalangunsa ya ce, "Yallaɓai, waƙar tana inda ka bar ta, kai ne ka taso ka shigo cikinta."

Magini ya ce, "To Hajiya, ƙofa dai ba ta cin tuwo."

Nan Malam Ilu ya ƙare labarinsa. Hakimi ya ɓata rai ya ce wannan duk tatsuniya ce, hujja yake so. Ilu ya aika gidansa aka kawo wani tsohon littafi da gara ta ci gefensa, na hakimin ne da ya ara tun suna makaranta. Ya buɗe shafin dagacin. Ga shi nan, kalma ba ta canja ba. A gefe kuma, da rubutun Tanimu ɗan aji uku: "Allah ya isa tsakanina da irin wannan azzalumi."

Hakimi ya daɗe yana kallon rubutun. Can ya ce a bar Sa'adu da aikinsa, a kuma kira 'ya'yan marigayi Jatau gobe su karɓi gonarsu da ya ƙwace da sunan gyaran iyaka. Sannan ya ce, "Ilu, yaron da ya yi rubutun nan bai da kunya, amma bai yi ƙarya ba."