Gizo da Kunun Mai Jego

"Ga ta nan, ga ta nanku, 'yan jikokina."

"Ta zo mu ji ta, Kaka."

Ƙoƙi matar Gizo ce ta haihu, ta shiga jego. Kun san mai jego ba a barinta da yunwa, sai maƙwabta suka fara aiko da abinci. Gizo kuwa ya shimfiɗa tabarma a zaure, ya ce shi ne mai karɓa.

Kurciya ta zo da kunun kanwa.

"Ina mai jego?"

"Tana barci. Kawo in kai mata."

Ya shanye tas, ya kai wa Ƙoƙi ɓarin goro. "Tauna wannan, yana kashe yunwa."

Zomo ya zo da farfesun ƙauri. "Tana barci," in ji Gizo. Ya cinye har da ƙashi, ya kai mata goro.

Akuya ta zo da nono da kwaɗon zogale. Ita ma aka ce mata tana barci.

Alhali Ƙoƙi ba ta ko runtsawa. Ga jariri yana tsotso, ga ciki ba komai sai goro. Gabanta ya dinga faɗuwa ba dalili. Ganye ya motsa, ta ce shaho ne ya zo ɗaukar mata ɗa. Jaririn ya yi barci, ta kara kunne a hancinsa, ta ɗago, ta sake karawa. In an ce me ya faru, sai kuka.

Gari ya ɗauka cewa iska ta taɓa Ƙoƙi. Dattawa suka yanke shawara: a raba ta da jaririn, a kai ta wurin boka Kura a ɗaure.

"Kaka, ba Kura za ta cinye ta ba?"

Ita ma abin da take tsoro ke nan. Ta rungume ɗanta tana cewa, "Kada ku raba mu, zan daina kukan." Amma kukan ya ƙi dainuwa. Gizo kuwa ya raɓe gefe, don kada asirinsa ya tonu.

Ana shirin tafiya sai ga Bushiya, tsohuwar ungozomar da ke yi mata wankan jego.

"Ku dakata. 'Yar nan, me kika ci yau?"

"Goro, Iya."

"Jiya fa?"

"Goro."

"To kunun Kurciya fa?"

"Wane kunu?"

Bushiya ta juya ta dubi Gizo. Wuya ya yi kauri, tumbi ya fito, baki sai ƙyallin maiƙo.

"Ashe kuskure muka yi, jama'a," in ji ta. "Wanda ya ci abincin jego ai shi ne mai jego. Ku ɗora tukunya, ku kawo ganyen runhu. Malam Gizo, tuɓe."

"Iya, ni fa namiji ne."

"Da kake shan kunun ba ka tuna ba?"

Ta tsoma ganye a tafasasshen ruwa ta fyaɗa masa a baya. Ta sake. Kafin na uku, Gizo ya haye bango ya maƙale a kusurwar rufi. Har yau can yake.

Bushiya ta ce a bar mata Ƙoƙi. Ta dama kunu ta ba ta da hannunta. Kurciya, Zomo da Akuya suka dinga shigowa da abinci har ɗaki, suna zama sai ta cinye, suna yi mata hira. Tsoron bai tafi rana ɗaya ba, a hankali ya dinga raguwa. Wata safiya ganye ya motsa, Ƙoƙi ta duba ta ce, "Ganye ne," ta koma barci da ɗanta a gefenta.

To kun ji. Ba ciki kaɗai ke jin yunwa ba, hankali ma yana ji. In kun ga mutum ya firgice, kafin ku ce iska ce, ku tambaye shi me ya ci, ku kuma zauna kusa da shi.

Ƙurunƙus kan kusu. Wanda bai cinye tuwonsa ba, ya tashi ya ƙarasa.