Kwalbar Dahomi da Askar Manu

Kun san kanku. Ku da ba ku iya zuwa dubiya sai kun zaro kwalba daga aljihu kun ce, "Sha wannan." Ba ku taɓa kwana a ajin likitanci ba, amma kowane ciwo kuna da maganinsa. Yau da ku nake.

Akwai wani wanzami a Kaoje mai suna Manu, a shekarun da aka gama yaƙin basasa. Rabin garin shi ya yi musu askin suna. Sai ciwon karkarwa ya kama shi, wanda likitoci ke kira Fakinsan. Hannun dama ya riƙa rawa, iyaye suka daina miƙa masa jarirai. Bai yi fushi da kowa ba, ya rataye zabirarsa.

Ɗansa Lauwali, soja ne, ya kai shi babban asibiti a Zariya, aka ba shi wata sabuwar ƙwaya. Cikin ikon Allah hannu ya lafa. Ga matar Lauwali da ciki. Burin Manu ɗaya: shi zai yi wa jikansa askin suna.

Sai ga ƙanensa Sambo, mai fatauci zuwa Dahomi, Benin ta yau. Ya zo da kwalbar maganin ƙarin jini da ƙwayoyin bitamin, ya miƙa wa Saratu, matar Manu.

"Matar yaya, ga abin da Faransawa ka sha. Ki haɗa mishi da ƙwayarshi kullum. Ke ma ki lasa, ko kin rage wagga rama."

"Ramar gidanku ce, inda ba a iya cefane," in ji Saratu tana dariya.

A wurinsu ba a mayar da kyautar ɗan'uwa. Kowace safiya sai ta ba Manu duka tare, da addu'a.

Ba a jima ba rawar ta dawo. Ko kofin ruwa Manu bai iya kaiwa baki. Sambo ya ce ƙwayar asibiti ce ta gaza, a ƙara cokali.

Lauwali ya sake kwasar su zuwa Zariya, har da Sambo. Likita ya tambaya, "Baba, kana shan wani magani ban da namu?"

"Babu," in ji Manu.

Kada ku ce ya yi ƙarya. Su a ganinsu ƙarin jini ba magani ba ne, ɗan'uwan abinci ne.

Saratu ta dubi Sambo. In ta yi magana, ta kunyata ƙanen miji gaban baƙo. Ta dubi hannun mijinta yana ta bugun cinyarsa. Sai ta kwance ƙunshinta, ta fito da kwalbar Sambo da ƙwayoyin bitamin.

"Likita, ban sani ba ko wanga na cikin lissafi."

Likita ya karanta jikin kwalbar, ya girgiza kai. Ya ce sinadarin ƙarin jini yana riƙe ƙwayar tun a ciki, ba ta shiga jiki sosai. Ɗaya daga bitamin ɗin kuma yana lalata ta kafin ta kai ƙwaƙwalwa. A ajiye su.

Sambo ya tashi zai yi musu, ya ga idon yayansa, ya koma ya zauna.

Hannu ya sake lafawa. Ciwon bai warke ba, amma ya ba da sarari. Ranar suna Manu ya sauko da zabira, ya wasa aska, aka kawo jaririya. Sambo ya matso, ya karɓi ƙwaryar ruwa ya durƙusa gefensa.

"Yaya, na kusa hana ka wagga rana."

Manu bai ɗaga kai ba, askar na bin kan yarinya a hankali.

"Riƙe ƙwarya daidai, Sambo. Kai ka rawa yanzu, ba ni ba."

Saratu ta juya baya tana share ido da bakin mayafi.

Darasi: Ƙauna ba ta mayar da mutum likita. Bitamin da maganin ƙarin jini su ma magani ne, kuma suna iya kashe ƙarfin wani maganin. Ƙwayar Fakinsan ta yau an gyara ta, amma har yanzu ba ta jituwa da ƙarin jini in an sha su tare. Faɗa wa likita duk abin da majinyaci ke haɗiya, ko wa ya kawo shi. Tura wannan ga masu jinya a danginku. Kai kuma da ke karantawa, in ba ka taɓa cusa wa marar lafiya kwalbar da ba ka san cikinta ba, fito ka rantse.